Maganin Barcin Inna Fatu

Wata takwas ke nan rabon Inna Fatu da barcin kirki, kuma duk unguwar ta sani, don a Jibiya ko tari ka yi da ƙarfi sai an shigo yi maka sannu.

Tun ranar da aka kai mijinta Malam Arzika makwancinsa barci ya yi mata yaji. Direba ne shi, shekara ashirin da shida yana jan babbar mota tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko akuya bai taɓa bugewa ba, sai ga shi zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi a kan gadonsa. Ta yi takaba ta fita, kowa ya ce yanzu hankalinta zai kwanta. Ina! Idanu suka faɗa, wuya ya fito, mace mai jiki da fara'a ta koma abin tausayi.

Wadda abin ya fi ci a rai ita ce autarta, Luba. Yayyenta maza duk sun bi neman kuɗi Kano da Ikko, ita kaɗai ta rage a gida. Malamar firamare ce, cikin waɗanda gwamnati ta ɗauka da aka ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Kullum ta taso aiki, da alli a hannunta, sai ta tarar da uwarta zaune bakin ƙofar ɗaki ta zuba wa zaure ido.

Babu abin da ba a gwada ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an jiƙa wata saiwa da aka kawo daga garin Kusa mai ɗacin da har kaji suka ƙi ruwan wankin ƙwaryar. Barci dai ya ce bai san zancen ba.

Abin haushin shi ne, mutumin da ya fi kowa sanin magani a garin kullum yana ƙofar gidan, amma ba shi da damar duba ta.

Rabe ke nan, malamin asibitin da ke ba da magani a ɗakin shan magani na garin. Dogo ne, mai sanyin magana, da wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Shekara biyu suna son juna da Luba. Tun Malam Arzika na da rai magabatansa suka kawo kayan na-gani-ina-so a cikin wata kwalla mai zanen furanni, aka karɓa da murna, saura sa rana mutuwa ta shiga tsakani.

To, daga ranar da kwallar nan ta shiga ƙarƙashin gadon Inna Fatu, Rabe ya zama suruki. Ba ta ƙara faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai babur". In ya yi sallama, ko tuwo take tuƙawa sai ta saki muciya ta shige ɗaki ta saki labule. Shi kuma tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida labulen, labulen ya amsa a ciki-ciki. Kunyar mutanen da ce da ita, irin wadda ko ciwo ba ya karya ta.

Ran nan bayan la'asar suna zaune a zaure, Luba ta gaji da haƙuri.

"Malam Rabe, don Allah ka ba ni ƙwayar barcin nan in kai mata. Na san akwai ta a kabad ɗinku."

"Akwai ta," in ji shi.

"To mi ya hana?"

"Ban duba ta ba, Luba. Kin ce tana da fuka. Ƙwayar barci ba alewa ba ce, wata in ta haɗu da mai ciwon ƙirji sai ta kwantar da numfashin tare da mai shi. Sai na ji ƙirjinta, na tambaye ta abin da take ci da abin da take sha, da abin da ke zo mata a rai in ta kwanta."

"Ka san ba za ta taɓa yi maka magana ba!"

"To mu kai ta Katsina, likita ya gan ta."

"Ta rantse ba ta ƙara shiga mota tun rasuwar Baba. Ka sani sarai. Ni ce ke jin juyinta har asuba. Ni ce ke ganin tana saka gishiri a koko. Kai ka koma ɗakinka ka yi barcinka, sannan ka zo kana yi mani karatu."

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur. "Wallahi ni ma ba na yin barcin nan da kike zato. Amma ba zan ba da abin da zai iya raba ki da ita ba, ko da za ki yi fushi da ni."

Ta kuwa yi fushin. Ta tashi ta shige gida ko sallama babu, ta bar shi yana tura baburinsa shi kaɗai.

* * *

Baba Manu, ƙanen marigayi, shi ne yanzu waliyyin Luba, kuma tun asali bai so zancen Rabe ba. Dalilinsa ɗaya: mahaifin Rabe mutumin Gangara ne da ya musulunta da girmansa, kuma har gobe Rabe yana da gwaggo mai suna Sarai da ke zuwa coci ranar Lahadi. Ita wannan Sarai, duk kaka sai ta aiko wa gidan da kwandon gyaɗa, kuma Baba Manu bai taɓa tambayar gyaɗar addininta ba kafin ya ci.

Gaskiyar magana, akwai wanda Baba Manu yake so ya ba Luba. Lawwali, mai motoci uku da ke jigilar kaya ta Magama, garin bakin iyaka, ga sabuwar Fijo fara da ko ledar kujerunta ba a cire ba. Zamanin ne kuɗin mai ya buɗe wa mutane ido, kowa ka gani a bakin iyaka da rediyo a kafaɗa, shi ma Baba Manu dillancin da yake yi a can ya fara fito masa da tumbi. Sau uku yana cewa a mayar wa Rabe kwallarsa. Sau uku Inna Fatu tana yin kamar ba ta ji ba.

Washegarin faɗan Luba da Rabe, sai ga Fijo a ƙofar gida.

Lawwali ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne da ya saba in abu ya lalace a sayo sabo. Ya miƙa wa Luba wata 'yar kwalba cike da jajayen ƙwayoyi, an yi rubutun Faransanci a jikinta.

"Daga Maraɗi na taho da ita musamman. Direbobina duk ita suka sha in sun kwana biyu bisa hanya. Guda ɗaya, ko a bakin duwan, shingen kwastan nan, mutum ya kwanta, jandarma na busa usur ba ya ji."

"Likita ne ya rubuta?" Luba ta tambaya.

"Wane lokotoro kuma? Abin da kowa ya sani?"

Baba Manu ya gyara zaman hularsa. "Kin gani ko, ɗiyata? Wanga ya ƙetare ƙasa guda don uwarki. Wancan ko maganin na cikin aljihunshi ya hana. Ki auna da kanki, ke mai ilimi ce."

Luba ta daɗe tana juya kwalbar a hannunta. Ta iya Turanci, amma wannan rubutun ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Maganar Rabe ta faɗo mata a rai, ta ture ta. Ta ɗaga kai ta hangi uwarta a bakin ƙofa, ta rafka tagumi, ido jawur.

Bayan isha'i ta ba ta guda ɗaya.

Inna Fatu ta yi barci har da minshari. Luba ta zauna tana kallonta tana hawayen daɗi, har a ranta tana cewa gobe sai ta gaya wa Rabe baƙar magana. Kwana na biyu ma haka. A na uku ƙwaya ɗaya ba ta riƙe ta ba, ta farka da wuri. A na huɗu, ba tare da ta gaya wa kowa ba, tsohuwar ta haɗiye biyu.

Gari ya waye, Luba ta yi shara, ta dama koko, ta yi shirin makaranta. Har hantsi ya fito Inna ba ta motsa ba, ita da ba ta taɓa makara sallar asuba ba.

"Inna," ta kira daga bakin ƙofa. "Inna, rana ta yi."

Shiru.

Ta shiga ta taɓa ta. Jikin da ɗumi, amma leɓunan sun yi duhu, numfashin kuma sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji shi.

* * *

Ba ta san yadda ta isa ɗakin shan magani ba, babu mayafi, takalmi wari ɗaya. Rabe ya bar layin masu jira, ya ɗauko jakarsa, kuma ikon Allah ranar baburin bugu ɗaya ya tashi.

Karo na farko ke nan da ya taka cikin ɗakin Inna Fatu. Ya sa aka buɗe taga, ya sa Luba ta tallafo ta zaune, ya yi mata allura a dantse, ya zauna riƙe da hannunta yana duban agogo. Ko sau ɗaya bai ce wa Luba "ai na gaya maki" ba, kuma wannan shirun ya fi mata zagi ciwo.

Sai wajen azahar tsohuwar ta buɗe ido. Ta dubi rufin ɗaki, ta dubi 'yarta, sannan idonta ya sauka kan mutumin da ke riƙe da hannunta.

Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta fizge hannun, ta jawo zane ta rufe fuska, ta juya wa bango.

"Inna, sannu," in ji Rabe. "Ina ne ke maki ciwo?"

Ko tari ba ta yi ba.

"Inna, don Allah ki amsa mashi," Luba ta ce tana kuka. "Mutuwa fa kika kusa yi!"

Daga cikin zanen wata 'yar murya ta fito. "Ce ma wancan ya hita. Ban mutu ba tukuna da za a zubar mani da mutunci."

Rabe ya tashi ya fita. Luba ta same shi a zaure, kwalbar Lawwali a hannunsa yana duba rubutun.

"Ni ma ban iya Faransanci ba," ya ce, "amma sunan maganin iri ɗaya ne ko'ina. Mai ƙarfi ne ƙwarai. Ƙato mai lafiya zai sha ya tashi. Ita ba za ta ƙara tashi ba in ta sake."

"Ni na ba ta da hannuna."

"Don kina son ta kika ba ta. Bar wannan. Luba, yau da yamma zan turo kawuna wajen Baba Manu. Zan ce a maido mani kwallata."

Luba ta sha gabansa.

"Don na yi maka rashin kunya? Don na karɓi maganin Lawwali? Na tuba, Malam Rabe, wallahi na tuba."

"Ba don haka ba ne. Saurara mani. Muddin kwallar nan na ƙarƙashin gadonta, ni suruki ne, ba za ta buɗe mani baki ba. Ta ƙi mota, likitan da ke zuwa daga Katsina kuma ba ya shiga gidaje. Ni kaɗai ne a garin nan. In na janye, na zama malamin asibiti kamar kowane, sai ta yi mani magana."

"To mu yi kamar ka janye mana! In ta warke sai mu gaya mata."

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Inna ce za a yi wa wasan yara? Sai ta ga kwallar ta fita ta ƙofar gida da idonta. Kuma ranar da ta fita, kin san Baba Manu ba zai bari ta sake shigowa ba."

"Ka san haka, kuma za ka yi?"

"Na sani."

"Ni fa? Ni ba ka tausayina?" Hawaye suka wanke mata fuska. "Shekara biyu ina jiranka. An zage ni a kanka, an ce na rasa wanda zan so sai mai tura babur. Ban taɓa jin kunyarka ba ko sau ɗaya. Yanzu kai da kanka za ka miƙa ni?"

"Luba, dube ni." Ta ƙi. "In na riƙe ki, wani dare za ta gaji ta nemi wata kwalbar, don mai neman barci ba ya jin gargaɗi. In aka ɗaura mana aure bayan mun binne ta, duk safiya kika dube ni za ki tuna na zaɓi kaina. Gara ki rayu da uwarki a gidan wani, da ki zauna a gidana babu ita."

"Ban yarda ba."

"Ban ce ki yarda ba. Cewa na yi ki yafe mani."

Bayan la'asar Baba Manu da kansa ya shiga ya jawo kwallar daga ƙarƙashin gado, har yana tuntuɓe don sauri. Inna Fatu na zaune ta bi ta da kallo har ta fice. Luba kuwa ta shige ɗakin girki ta toshe bakinta da gefen zane don kada a ji ta.

* * *

Kwana biyu bayan haka Rabe ya dawo sanye da farar rigarsa ta aiki. Bai tuɓe takalmi a zaure ba. Ya yi sallama da ƙarfi irin ta ma'aikata, ya ce an turo shi duba mara lafiya.

Labule bai sauka ba.

Inna Fatu na zaune kan tabarma a inuwar darbejiya, fuska a buɗe. Ta dube shi sama da ƙasa, karo na farko tun ranar da aka kawo kwallar.

"Ashe haka kake da tsawo," ta ce. "Zamna, Malam Rabe."

Jin sunansa a bakinta ya sa Luba ta juya baya tana gyara murhun da babu abin da ya same shi. Wannan kiran sunan shi ne shaidar cewa komai ya ƙare.

Ya sa abin sauraro ya ji ƙirjinta, gaba da baya. Sannan ya fara tambaya a hankali, kamar mai hira.

"Maganin fukar nan, yaushe kike shan shi?"

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wasu fararen ƙwayoyi a ƙullin takarda. "Da dai da sahe nika sha. Tun rasuwar malam, in dare ya yi sai in ji ƙirjin ya ɗaure, sai in sha biyu in kwanta."

Luba ta zaro ido. Ita da ke kwana ɗaki ɗaya da ita ba ta taɓa sani ba.

Rabe ya juya ƙwayar a tafin hannunsa. "Inna, wannan tana buɗe ƙirji, amma tana buɗe ido. Ko ni na sha biyu da dare sai in kwana ina ƙirga azara. Goro fa?"

"Ɗan ɓari ɗaya, bayan isha'i."

"Kullum?"

"Shekara ashirin da shida."

"Mi ya sa sai bayan isha'i?"

Tsohuwar ta kai hannu tana tsintar ƙasa a bakin tabarma.

"In anka tsai da su a Magama, ba ya isowa da wuri," ta ce daga baya. "Ni ka buɗe mishi ƙohwa. Bai son ya buga ya tada maƙwabta, sai ya ɗan taka mota sau biyu daga bakin hanya, ni ko na san kukan motarshi cikin ɗari. Sai in ci goro don kada barci ya sace ni. Ban taɓa bari ya tsaya waje ba, ko sau guda."

"Yanzu fa, Inna?"

"Yanzu motocin sun yi yawa, ɗana. Da can biyar ne a garin ga. Yanzu dare duka wucewa suka yi, kowace ta taka sai in ji kamar ita ce. Na san ya mutu. Ni na ga an hita da shi. Amma in na rufe ido sai in ce, in na yi barci, wa za ya buɗe mishi?"

Luba ta saki abin da ke hannunta ta zo ta faɗa jikin uwarta. Suka yi kukan da ba su yi ba tun ranar rasuwar, don kowace tana ɓoye wa 'yar uwarta nata. Rabe ya kau da kai yana kallon reshen darbejiya, idonsa shi ma ya kawo ruwa.

Da suka natsu ya jera mata abin da za a yi. Maganin fuka ya koma safe da azahar. Goro kada ya wuce azahar. A daina gyangyaɗin rana. A mayar da gadonta ɗakin baya, inda ba a jin hanya. Ranar Alhamis zai kai wa likitan da ke zuwa daga Katsina bayaninta, in ya yarda a ba ta wata 'yar ƙwaya mai sauƙi, rabi-rabi, na kwana biyar kawai, Luba ce za ta riƙe.

"Kwana biyar kaɗai?" in ji Inna.

"Tura ki kawai za ta yi, kamar baburina. In ya tashi ai ba a ci gaba da turawa."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Rabon Luba da jin wannan dariyar tun babanta na da rai.

"Ƙofa kuma," Rabe ya ƙara a hankali, "in kin idar da isha'i, ki je da kanki ki sa mata sakata, ki yi mashi addu'a a wurin. Ya riga ya isa gida, Inna. Ba ya waje."

* * *

Ba dare ɗaya abin ya gyaru ba. Kwana ukun farko da ƙyar, har Inna ta ce a ba ta goronta ko ta tara wa Luba jama'a. Amma kafin mako biyu ta fara kaiwa asuba tana barci, kafin uku har kumatu sun fara dawowa. Lawwali ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri da gaske, ya karɓi kwalbarsa ya jefa a masai da hannunsa.

Luba ce dai barcin ya koma ya guje wa. Baba Manu ya sanar cewa ranar Juma'a magabatan Lawwali za su kawo nasu kayan. Ba ta yi musu ba, ba ta da ƙarfin yi. Rabe na zuwa duk bayan kwana uku, ya auna Inna, su yi hira har da shewa, ya ce wa Luba "Malama, sannu da aiki" kamar bai taɓa saninta ba. Ita kuma ta amsa "yauwa, Malam", ta shiga ɗaki ta ciji filo.

Ranar Laraba da hantsi ya zo dubawa ta ƙarshe. Baba Manu na tsakar gida yana lissafa wa Inna mutanen da za a gayyata, ita kuma tana tsintar shinkafa a faifai, Luba na wanke-wanke a gefe.

"Salamu alaikum," in ji Rabe daga zaure, da muryarsa ta aiki.

Inna Fatu ta ajiye faifan. Ta miƙe tsaye, ta jawo mayafi ta rufe kanta har fuska, ta wuce ɗaki da saurin da ba a san tana da shi ba.

Labule ya sauka.

Rabe ya shigo ya tsaya turus da jakarsa a hannu. "Inna? Ko jikin ne?"

Shiru.

"Yaya, mi ne ne haka kuma?" in ji Baba Manu. "Malamin asibiti ne hwa."

Muryar ta fito daga bayan labule, a ciki-ciki, amma babu wanda bai ji ba.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Ce ma wancan na warke, ba ni da sauran magana da shi." Ta ɗan tsagaita. "Kuma ki ce mishi ƙarƙashin gadona ya yi mani hili da yawa. Ya maido mani kwallata kahin Juma'a."

Kwanon da ke hannun Luba ya suɓuce ya faɗa ruwa.

Baba Manu ya miƙe, hula ta karkace. "Yaya! Na riga na ba mutane baki! Ni ne waliyyi a gidan ga!"

"Kai ne, Manu, ba wanda ya ƙwace maka. Kai za ka ɗaura shi kuwa, da bakinka. Yayanka ne ya amshi kwallar ga da hannunshi, ni ko wata takwas ban iya barci ba don kada in bar shi tsaye a waje. Kana zaton maganarshi zan bari a waje?"

Baba Manu ya dubi ƙofar zauren da ɗan'uwansa ya yi shekaru yana shigowa ta ciki, sai ya koma ya zauna a kan turmi, ya cire hular yana kallon cikinta.

Luba ta juya ta dubi Rabe, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata. Shi kuwa ya ajiye jakar a ƙasa, ya koma da baya har zaure, ya tuɓe takalmansa ya jera su. Sannan ya dawo ba takalmi, ya durƙusa a gaban labulen.

"Ina kwana, Inna," ya ce. "An tashi lafiya?"

Labulen ya ɗan motsa.

"Auta," in ji Inna, "ce mishi na yi barci."